Yadda Za Ka Wayar da Kan Matasa Game da Lafiyar Ƙwaƙwalwa Bayan Ka Dawo Daga Shirin Musayar Matasa

Shirin musayar matasa tsakanin ƙasashe yawanci gajere ne. Na Erasmus+, wanda Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyinsa, kwana 5 ne zuwa 21 ban da kwanakin hanya, kuma 'yan shekara 13 zuwa 30 ne ke shiga. A ranar rufewa kowa kan yi alkawarin zai yaɗa abin da ya koya in ya koma gida. Yawancin alkawuran nan ba sa wuce taro guda: a tara mutane, a ɗau hotuna, a tura wa masu ba da tallafi, a watse.

Wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba irin wayar da kai kan tsaftar muhalli ba ce. In ka iya aikin, bayan an tashi wani zai tsaya yana ta gyara jakarsa har kowa ya fita, sannan ya ce yana son magana da kai. Abin da zai faɗa maka yana iya fin ƙarfinka. Don wannan mutumin aka jera matakan nan yadda aka jera su, kuma shi ya sa taron da kake ɗokin yi bai zo da wuri ba.

Mako biyun farko: kada ka kira taro

Wanda ya dawo daga irin wannan tafiya yakan shiga wani yanayi na rashin jin daɗi da bai zata ba. Yana cike da labari, mutanen gida kuwa minti biyar suka ba shi sun koma harkarsu. Tun 1963 wasu masu bincike, John da Jeanne Gullahorn, suka yi bayanin cewa komawa gida ma tana da nata ruɗanin, kamar yadda isa baƙuwar ƙasa ke da shi. Wanda ke cikin wannan hali in ya tsaya gaban jama'a, rabin maganarsa za ta tafi a kan “can yadda suke yi”, su kuma masu sauraro su ji ana raina su. Ka bari barcinka ya daidaita, ɗokin ya lafa.

Aikin da ya dace da waɗannan kwanaki rubutu ne, kuma a makon farko, tun abin bai dushe ba. Kowane atisaye da aka yi da ku, ka rubuta sunansa, minti nawa ya ci, mutum nawa, da kayan da aka yi amfani da su. Sai ka ƙara tambaya ɗaya a gefen kowanne: me ya sa ya yi aiki a can? Amsar takan ba da mamaki. Zaman da kowa ya buɗe cikinsa har aka yi kuka ya yiwu ne saboda an kwana shida tare, akwai ƙwararren mai horarwa a ɗakin, kuma kowa ya san waɗanda suka ji sirrinsa ba su san iyayensa ko maƙwabtansa ba. A tsakanin 'yan aji ɗaya ko 'yan unguwa ɗaya babu ko ɗaya daga cikin ukun nan. Duk atisayen da ya dogara a kansu ka ajiye shi gefe.

Haɗa ƙungiya, ka nemo gwani

Mutum uku zuwa biyar sun isa, maza da mata. A kowane zama ana buƙatar mai jagoranci, da mai kula da lokaci da kaya, da wani na uku wanda ba shi da aiki sai lura da fuskoki, ya bi duk wanda ya fita waje cikin damuwa. Ka sa aƙalla mutum biyu waɗanda ba su yi tafiyar ba, domin su ne za su gaya maka gaskiya in kana magana da kalmomin da babu mai amfani da su.

Sannan ku sami gwani guda da zai tsaya muku: masanin halayyar ɗan'adam, ko ma'aikaciyar jinya ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, ko malamin ba da shawara na makaranta. Ku roƙe shi abu uku a fili. Ya duba abin da za ku koyar kafin ku koyar, ya halarci zaman da za a taɓo maganar kashe kai, kuma ya yarda a kira shi a waya in wani abu ya taso. In ba ku samu ba tukuna, ku tsaya kan barci da motsa jiki da sauraro, ku jinkirta sauran.

Takardar inda za a tura mutum

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan aka fi tsallakewa. Ana son shafi ɗaya tak mai nuna inda matashi zai sami taimako, daga na kusa zuwa na nesa: mai ba da shawara a makaranta, ƙaramin asibitin da ya fi kusa, asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa, sashen gaggawa da ke buɗe dare da rana, layin wayar agaji in akwai, da wurin da ake taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu.

Kada ku kwafo daga intanet. Ku je da ƙafarku, ku tambaya: wace rana ake ganin masu wannan lalura, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Sai da takardar wani likita, ko mutum zai iya zuwa kai tsaye? Ana biya? Wanda bai kai 18 ba sai da mahaifi ko mai riƙonsa? Kwana nawa ake jira? Layin wayar kuma ku buga shi da kanku, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da tsakar dare. Ba abin da ke karya gwiwar mai neman taimako kamar ya tattara ƙarfin halinsa ya buga lamba ya tarar ba ta aiki. Da wuya ya sake gwadawa. A ƙasan shafin ku rubuta ranar da aka tabbatar da bayanan.

Su wa za ku tara, kuma don me?

“Matasa” ba rukuni ɗaya ba ne. Ku raba 'yan 13 zuwa 17 da 'yan 18 zuwa sama. Damuwarsu dabam, doka a kansu ma dabam. Ƙananan sai da izinin iyaye a rubuce da na hukumar makaranta, kuma kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe. Mutum 12 zuwa 20 a zama guda. In sun haura haka ya zama lacca, masu surutu uku ne kaɗai za su yi magana.

Kafin ku tsara darasi, ku raba 'yan takardu ba suna, kowa ya amsa tambaya uku ya jefa a akwati: me ya fi hana ka barci? In ranka ya ɓaci wa kake gaya wa? Me zai hana ka zuwa wurin likita ko mai ba da shawara? Abin da zai fito, jarrabawa ne ko rashin aiki ko rikicin gida ko cin mutunci a kafafen sada zumunta, shi ne darasinku. Ku kuma lura da kalmomin da suka rubuta. Matashi ba ya cewa yana da ciwon damuwa. Cewa yake yi komai ya fita masa a rai, ko kansa ya ɗau zafi, ko ya gaji da komai. Da waɗannan za ku buɗe magana, sunan asibiti ya biyo baya.

Sai ku tsayar da buri guda wanda za a iya aunawa. “Kawar da tsangwama” ya yi faɗi. “Bayan mako huɗu kowane mahalarci zai iya faɗin alamomi uku da wuri biyu na neman taimako” shi ne abin da za ku iya cimmawa.

Abin da za a faɗa

Alƙaluma kaɗan sun wadatar, kuma ku faɗi inda kuka samo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Kusan rabin irin waɗannan lalurori kan fara ne kafin shekara 14 ko a wajajenta. Fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma hakan na cikin manyan sanadin mutuwar 'yan 15 zuwa 29. A ɗakin mutum 20, ɗaya cikin bakwai na nufin kusan mutum uku. Ka tuna da haka a duk jimlar da za ta fito daga bakinka, musamman ta raha.

Babban darasin shi ne bambanta ɓacin rai na yau da kullum da wanda ke buƙatar gwani. Ma'auni biyu ne masu sauƙin riƙewa: daɗewa, da hana harkokin rayuwa. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da sauyin barci ko cin abinci, kasa tattara hankali, janyewa daga abokai, faɗuwa a karatu, ko fara shaye-shaye don samun sauƙi, wannan na a ga likita ne. Maganar mutuwa, yi wa kai rauni, jin muryoyin da babu su, ko kwana da kwanaki ba barci ba gajiya, waɗannan ba a jira mako biyu.

Kada ku ba kowa sunan ciwo. Ku ma gargaɗi mahalarta kan haka, domin sakamakon da ake yawan samu bayan irin wannan zama shi ne kowa ya koma yana liƙa wa kansa da abokansa ciwo daga jerin alamomi. In wani ya ce ai raunin imani ne ko lalaci, kada a yi masa dariya ko a shiga musu. A ce masa mutum na iya riƙe addu'arsa ya kuma ga likita, kamar mai ciwon suga.

Zama huɗu, ba gangami ɗaya ba

Akwai hujja a kan haka. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2015 ya bi ɗalibai kusan 11,000 a ƙasashen Turai goma. Shirin da aka gwada mai suna YAM, na wayar da kan ɗalibai kan lafiyar ƙwaƙwalwa, na awa biyar da aka rarraba cikin mako huɗu, wanda yawancinsa wasan kwaikwayo ne da tattaunawa, ya rage sababbin yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda in aka kwatanta da makarantun da ba a yi shi ba. Horarrun mutane ne ke gudanar da shi, don haka kada ku ce naku shi ne. Abin koyi shi ne tsarinsa: a maimaita haɗuwa, matasan su fi mai jagora magana.

Ku yi zama huɗu, ɗaya a mako, minti 90 kowanne. Kujeru a zagaye, ɗaki mai ƙofa da ba a jin magana daga waje, da wani wuri a kusa inda wanda ya fita zai zauna. Majigi ba dole ba ne. Rabon lokacin: minti 10 na buɗewa da tuna ƙa'idoji, 15 na bayani, 40 na atisaye, 15 na tattaunawa, 10 na rufewa.

Ƙa'idojin a rubuta su a bango tun zaman farko. Ba a tilasta wa kowa magana. Kowa na iya fita ba sai ya ba da dalili ba. Ba ɗaukar hoto ko murya. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, sai fa in ran wani yana cikin haɗari, to lallai za a sanar da wanda zai iya taimakawa. Wannan togaciyar a faɗe ta ƙarara tun kafin kowa ya buɗe baki. In aka ɓoye ta sai daga baya, wanda ya yi magana zai ga an ci amanarsa.

Zama na farko a kan mene ne lafiyar ƙwaƙwalwa, da abubuwan da suka fito daga akwati. Na biyu a kan abin da mutum zai yi wa kansa. Barcin awa 8 zuwa 10 ga 'yan 13 zuwa 18. Motsa jiki na minti 60 kullum ga wanda bai kai 18 ba, minti 150 zuwa 300 a mako ga manya. Numfashi a hankali: a ja ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida, na tsawon minti biyu, sakin da ya fi ja tsawo shi ke sassauta bugun zuciya. Da dabarar dawo da hankali lokacin firgici: faɗi abu biyar da kake gani, huɗu da kake taɓawa, uku da kake ji a kunne, biyu da kake shaƙa, ɗaya da kake ɗanɗanawa. Kada a ce dole kowa ya rufe ido. Wanda aka taɓa cin zarafinsa rufe ido cikin mutane na iya tayar masa da hankali. Ya kalli ƙasa ya wadatar.

Zama na uku na sauraro ne, kuma shi ya fi amfani. A raba su uku-uku: mai magana, mai sauraro, mai lura. A ba mai magana kati mai ɗauke da ƙagaggen labari, misali ɗalibin da ya faɗi jarrabawa sau biyu ya daina fita. Ya yi minti uku yana magana, mai sauraro ba zai ba da shawara ba, ba zai kawo nasa labarin ba, tambaya kawai zai yi ya maimaita abin da ya fahimta. Mai lura ya ƙirga sau nawa aka katse. Sai a juya har kowa ya taɓa kowane matsayi. Yawancin mutane ba sa kai minti ɗaya ba su ce “ai ni ma” ko “ka yi haƙuri kawai” ba, kuma jin hakan daga bakin mai lura ya fi kowace lacca shiga. Katin ne ke kare su: mutum na iya zuba damuwarsa ta bakin ɗalibin katin ba tare da ya tona kansa ba.

Na huɗu a kan neman taimako, gwaninku yana zaune. Ya bayyana abin da ke faruwa daga shiga ƙofar asibiti har fita, domin tsoron abin da ba a sani ba na cikin abin da ke hana zuwa. Kowa ya tafi da takardar nan, ba wanda ya nema kaɗai ba, don kada karɓarta ta zama abin nuni.

In wani ya tsaya bayan an tashi

Littafin agajin farko na hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikin a kalma uku: duba, saurara, haɗa. Ku zauna inda ake hango ku amma ba a jin ku. Ka bar shi ya gama. Shiru ba matsala ba ne, kada ka yi saurin cike shi. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga uku, kada ka ce ka san yadda yake ji. “Na gode da ka gaya mini, wannan abu ne mai nauyi” ta isa farawa.

In maganarsa ta nuna ya gaji da rayuwa, ka tambaye shi kai tsaye, da murya a natse: “Kana tunanin kashe kanka?” Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ya ce e, ka tambaya ko ya tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi. In akwai shiri, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi daga abin da ya yi niyyar amfani da shi, a kira gwaninku ko a kai shi sashen gaggawa a ranar. Kada ka yi alkawarin rufe wannan. Abin da za ka iya ba shi shi ne zaɓi: “Dole wani babba ya sani. Wa kake so mu gaya wa, kuma kana so ni in faɗa ko kai?” In a gida ake cutar da shi, ba gida za a fara sanarwa ba, gwanin ya san hanyar da dokar ƙasar ta tanada.

Ko da babu haɗari, haɗawa ba miƙa lamba ba ce. Ka yi tayin raka shi zuwan farko, ka tuntuɓe shi bayan kwana biyu ko uku. Amma ka faɗa masa iyakarka: kai ba likita ba ne, kuma wayarka ba ta kwana a kunne.

Kafafen sada zumunta

Zauren WhatsApp na mahalarta yana da daɗin buɗewa, yana da wuyar riƙewa. Wani zai rubuta abin tashin hankali ƙarfe biyun dare, mutum talatin su gani, babu wanda ya san abin yi. In za ku buɗe, ya zama na sanarwa wanda masu kula kaɗai ke rubutu, takardar taimako a maƙale a sama.

A duk abin da za ku wallafa kan kashe kai, kada a ambaci hanya ko wuri, kada a sa hoton abin da ya faru, kada a jingina shi ga dalili ɗaya kamar faɗuwa jarrabawa, domin irin wannan bayani na jawo kwaikwayo. Labarin wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita shi ne ke da amfani. Mai ba da irin wannan shaida ya zama babba, wanda ya samu sauƙi tuntuni, ya ga rubutun kafin a saki, kuma ya san abin da ya hau intanet ba ya gogewa. Hoton mahalarta don rahoto a ɗauka ta bayansu ko a ɗau hannuwa da allo, sai wanda ya sa hannu.

Iyaye da malamai

Ku ware musu awa ɗaya, tun kafin zaman farko in da hali. Yaron da aka koya wa ya yi magana, ya je gida aka ce masa rigima ce, ya fi wanda ba a koya wa ba jin ciwo. Ku ba su alamomin, da takardar taimako, da jimla biyu ko uku da za su iya buɗe hira da su. A nan gwani ko wani dattijon da suke girmamawa ya yi jawabi, ku ku zauna a gefe.

Aunawa da ci gaba

Yawan waɗanda suka zo ba ya nuna an ƙaru. Ku ba da tambayoyi biyar iri ɗaya a zaman farko da na ƙarshe, ba suna: faɗi alamomi uku, faɗi wuri biyu, me za ka yi in aboki ya ce ya gaji da rayuwa, da makamantansu. Bayan wata uku ku sake. Akwai ma'aunin WHO-5 na Hukumar Lafiya ta Duniya mai auna walwalar zuciya, jimla biyar kan makonni biyun da suka wuce, maki 0 zuwa 25, ƙasa da 13 na nuna a bincika. Kada ku raba shi sai in gwani zai karɓi sakamakon, don gano mai maki 6 ba tare da abin yi masa ba ya fi rashin tambaya muni.

Bayan kowane zama ƙungiyar ta zauna minti 15: me ya tafi daidai, wa ke buƙatar bibiya, wa ya ɗau nauyi a zuciyarsa yau. Wanda labarin wani ya hana shi barci ya huta zama na gaba.

Daga cikin mahalarta ku zaɓi biyu ko uku su taya ku zagaye na biyu, su jagoranci na uku. Ranar 10 ga Satumba ta yaƙi da kashe kai, da 10 ga Oktoba ta lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ake yi tun 1992, lokuta ne da makarantu da gidajen rediyo suka fi saurin ba da dama, sai ku sa buɗe sabon zagaye a kansu. Abokan tafiyarku na sauran ƙasashe ku riƙa haɗuwa ta bidiyo sau ɗaya a wata, kowa ya kawo abu ɗaya da ya gwada bai yi ba. Takardar taimako kuwa a ɗora wa mutum guda da sunansa alhakin sake buga lambobinta da komawa wuraren duk wata uku, ya sauya ranar da ke ƙasan shafin.